Sauyi a wurin aiki da lissafin da zuciya ke yi

Idan ma'aikata ta yanke shawarar sauya tsarin aikinta, abin da ke shiga takarda shi ne kasafin kuɗi, da ranar farawa, da sunayen waɗanda za a tura horo. Ba kasafai ake samun shafin da aka rubuta wane ne zai rasa me ba, alhali daga nan yawancin rigimar ke tasowa. Ma'aikacin da ya ƙi taɓa sabuwar manhaja, da shugabar sashen da ta daina magana a taro, da wanda ya fara neman hutun rashin lafiya a kai a kai, duk saƙo suke isarwa game da wata asara da suke hangowa. Shugaban da ya iya karanta saƙon yana da damar gyara tsarinsa tun abu bai ɓaci ba. Wanda kuwa ya ɗauke shi taurin kai kawai, matsin lamba zai ƙara, turjiyar kuma ta koma inda idonsa ba ya kaiwa.

Iya karanta irin wannan saƙo, da iya riƙe kai yayin karanta shi, shi ne abin da masana halayyar ɗan Adam ke kira basirar sarrafa motsin zuciya. Peter Salovey na Jami'ar Yale da John Mayer na Jami'ar New Hampshire ne suka shimfiɗa ta a matsayin batun bincike a 1990, sannan a 1997 suka kasa ta gida huɗu: gane abin da mutum ke ji, shi kansa ko waninsa; amfani da wannan jin wajen tunani; fahimtar inda ya samo asali da inda zai iya kaiwa; da kuma sarrafa shi. Littafin Daniel Goleman na 1995 ne ya fito da batun daga jami'a ya kai shi ofisoshi, tare da wasu alkawura da suka fi ƙarfin hujjar da ake da ita. Bitar da Dana Joseph da Daniel Newman suka yi wa tarin bincike a 2010 ta nuna cewa tasirin wannan basira ga ingancin aiki ya fi fitowa a ayyukan da ake cuɗanya da mutane sosai. Lokacin sauyi kuwa, kowane shugaba, na sashen lissafi ne ko na injiniyoyi, aikinsa komawa yake yi cuɗanya da mutane.

Wa zai rasa me

Zuciya ba ta auna riba da asara da ma'auni ɗaya. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun makamancinsa, kuma ƙiyasin da suka fitar daga baya ya kai kusan ninki biyu. Bugu da ƙari, asarar da sauyi ke kawowa ta yau ce, tabbatacciya, kuma a kan mutum ɗaya take sauka. Ribar kuwa ta baɗi ce, sa rai ake yi, kuma sau da yawa ma'aikatar ce za ta ci moriyarta. Shi ya sa shugaba zai tsaya ya jero alfanu goma na sabon tsari, ya ga fuskoki ba su saki ba, abin ya ɗaure masa kai. Kowa a ɗakin yana can yana nasa lissafin. William Bridges, wanda ya yi rubutu kan wannan a 1991, ya raba abu biyu da ake yawan haɗawa: sauyin da ake sanarwa, mai rana da sa'a, da ƙaurar da mutum ke yi a zuciyarsa, wadda ba ta bin kalandar kowa. Ita ta biyun da rabuwa take farawa.

A ɗauki misalin ma'aikaciyar da ta shekara ashirin tana riƙe da lissafin kayan sito da tsohon tsari. Ta san wace lamba ake yawan rubutawa ba daidai ba, ta san wane mai kawo kaya ne ke aiko da takarda a makare, ta san inda ake duba kuskure idan alƙaluma suka ƙi haɗuwa a ƙarshen wata. Duk wanda ya maƙale, teburinta yake nufa. Ranar da aka girka sabuwar manhaja albashinta bai ragu ba, muƙaminta bai sauya ba, don haka a takarda ba ta rasa komai ba. A zahiri kuwa abu uku ta rasa lokaci guda: ƙwarewar da take taƙama da ita, da girman da ƙwarewar ta jawo mata, da kwanciyar hankalin sanin cewa ba a yi sai da ita. Yanzu yaron da aka ɗauka bara ya fi ta saurin hannu a kwamfuta, kuma a gaban jama'a za ta tambaye shi. Ba za ta taɓa faɗin haka a taro ba. Cewa za ta yi manhajar na da nauyi, ko kuma tsohon tsarin bai yi laifin komai ba.

Saboda haka aikin farko, tun kafin sanarwa, shi ne a zauna a rubuta jadawalin asara. A bi shi muƙami-muƙami, domin ko a sashe ɗaya asarar mai shigar da bayanai daban take da ta mai sa hannu. Ga kowane muƙami a amsa tambaya huɗu: me zai daina yi, me zai ci gaba da yi kamar da, me zai rasa da za a iya mayar masa ta wata hanya, me zai rasa da ba ya mayuwa. Asarorin da suka fi maimaituwa su ne ƙwarewa, da daraja a idon abokan aiki, da iko kan yadda mutum ke tsara lokacinsa, da abokan zama idan an rarraba sashe, da hanyar ƙarin girma da aka daɗe ana hange. Tambaya ta biyu ake yawan tsallakewa, alhali ita ce ba ta cin ko kwabo kuma ta fi kwantar da hankali, domin mutum na so ya ji abin da ba za a taɓa ba. Ta uku ita ke ba da aikin yi. Waccan ma'aikaciyar za a iya ba ta horo ita kaɗai, mako ɗaya ko biyu kafin sauran, a kuma ɗora mata alhakin gwada manhajar da irin kura-kuran da ita kaɗai ta sani. Ma'aikatar ma ta ci riba, tunda ilimin da ke kanta ne zai hana a kwaso tsofaffin kura-kurai a zuba cikin sabon tsari. Ta huɗu ba ta da magani sai gaskiya: a faɗa wa mutum kai tsaye cewa wannan abin ya tafi, kuma an san ya tafi.

Jadawalin da shugabanni suka rubuta su kaɗai hasashe ne har sai an tabbatar da shi daga bakin mutanen. Ana yin haka a ganawar mutum biyu, ta minti ashirin zuwa talatin, inda ba mai ji. Yadda aka gina tambayar shi ke yanke abin da za a samu. “Me ya sa ba kya son sabon tsarin?” tuhuma ce, amsarta kuma kare kai. Gara a ce: “Malama, cikin ayyukan da ke bi ta hannunki, wanne kike ganin waɗanda suka tsara wannan abu ba su san da shi ba?” Daga nan sai a yi shiru. Shirun zai yi wa mai tambaya nauyi, kuma a nan da yawa ke ɓata ganawar, su cike gurbin da nasu bayanin. Idan ta ce, “Yallaɓai, mu dai duk abin da aka ce mu yi za mu yi,” to ƙofa ce ta rufe, kada a lissafa shi amincewa. Idan kuwa ta fara magana, a mayar mata da abin da aka ji da kalmomin da suka yi kusa da nata, a tambaye ta ko haka take nufi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar cewa “kada ki damu, komai zai daidaita.” Mai faɗa yana ganin tausayi ya nuna, mai ji kuwa abin da ta fahimta shi ne an gaji da saurarenta.

Amfanin jawo mutane cikin tsara sauyi tsohon sani ne. A 1948 Lester Coch da John French suka wallafa abin da suka gani a masana'antar ɗinka kayan barci ta Harwood da ke jihar Virginia a Amurka, inda ake biyan ma'aikata gwargwadon abin da suka ɗinka. Rukunin da aka tara aka sanar da shi sabon salon aiki kawai, aikinsa ya faɗi ya ƙi tashi, ƙorafi ya yawaita, wasu suka ajiye aiki. Rukunonin da aka zauna da kowa a cikinsu aka tsara salon tare sun farfaɗo da sauri, har suka zarce matakinsu na da.

Zaman jira

Bayan asara, abin da ke cin mutane shi ne rashin sanin makoma, kuma sau da yawa ya fi mummunan labarin kansa ciwo. A wani gwaji da Archy de Berker da abokan aikinsa suka yi a Landan, aka wallafa a 2016, masu sa kai suna ɗaga duwatsu a wasan kwamfuta. Idan aka tarar da maciji a ƙarƙashi sai lantarki ya ɗan ja mutum a hannu. An auna gumi da buɗewar ƙwayar ido da abin da mutanen suka ce suna ji. Damuwar ta fi tsanani lokacin da yiwuwar jan ta kasance rabi da rabi, fiye da lokacin da mutum ya tabbata za a ja shi. Shugaban da ya riƙe labari yana jiran komai ya kammala kafin ya yi magana, a wannan rabi da rabin yake ajiye ma'aikatansa, makonni a jere. Gurbin da ya bari kuma jita-jita ce ke cike shi, ita kuwa kullum mafi munin zato take ɗauka.

Hanyar ita ce a kasa bayani kashi uku a faɗe su a fili: abin da aka riga aka yanke, don kada wani ya ɓata ƙarfinsa wajen neman a janye, abin da ba a yanke ba tukuna, tare da ranar da za a yanke da wanda zai yanke, da abin da ba za a iya faɗa yanzu ba, tare da dalili. A tsayar da rana ɗaya a mako ta bayani, a kuma cika ta ko da babu sabon abu, domin “muna nan inda muke, Alhamis mai zuwa za a yanke” ma labari ne. A sanar da shugabannin sassa kwana ɗaya kafin kowa, tunda su za a tsare da tambaya. Kada a ce ba za a sallami kowa ba sai in an tabbata. Alkawari ɗaya irin wannan da ya karye yana kashe duk bayanin da zai biyo baya. David Schweiger da Angelo DeNisi sun gwada kwatankwacin haka a masana'antu biyu na wani kamfani da ke shirin haɗewa da wani, suka wallafa a 1991. Ɗaya ta riƙa samun bayani ta takarda da layin waya da taron mako-mako, ɗayar sanarwa kawai ta samu. Hankali ya tashi a duka biyun da farko, amma a ta farkon abin ya lafa, a ta biyun kuwa damuwa da rashin yarda da kamfanin suka ci gaba da ƙaruwa.

Ko labarin da ba shi da daɗi ko kaɗan, yadda aka faɗe shi yana da nasa sakamako. Jerald Greenberg ya wallafa nazari a 1990 kan kamfanin da ya rage albashi da kashi 15 cikin 100 na tsawon mako 10 a masana'antunsa biyu. A ɗaya an yi doguwar ganawa, an baje dalilai, an nuna takaici, an amsa tambayoyi. A ɗayar taƙaitacciyar sanarwa aka yi. Satar kayan kamfani ta ƙaru a duka biyun, amma ta fi ƙaruwa sosai inda ba a yi bayani ba, haka ma yawan masu ajiye aiki.

Zuciyar mai kawo sauyin

Mai kawo sauyi yana da matsalar da ba ya gani: ya riga kowa. Ya shafe watanni yana juya maganar, ya yi tasa fargabar ya gama, ranar sanarwa ita ce ranar da ya sauke nauyi. Ga masu sauraro kuwa ranar farko ce. Idan suka yi tambayar da shi ya wuce tun tuni sai ya ƙosa, ƙosawar kuma ta fito a muryarsa, ta kama ɗakin. Sigal Barsade ta nuna a 2002 yadda hakan ke faruwa, inda ta saka ɗan wasan kwaikwayo cikin rukunonin ɗalibai masu tattauna rabon wasu kuɗin lada. Yanayin da ya shigo da shi, na fara'a ko na ƙunci, ya kama sauran, ya kuma shafi haɗin kansu da saɓaninsu.

Da yawa suna ɗauka mafita ita ce a danne, a nuna babu komai. Binciken James Gross na Jami'ar Stanford ya nuna dannewa alama kawai take ɓoyewa, ɓacin ran na nan, jiki kuma ya ƙara ɗaukar zafi. Wani gwaji na 2003 da Emily Butler ta jagoranta ya ƙara da cewa idan ɗaya cikin masu hira biyu ya danne abin da yake ji, jinin abokin hirarsa ma hawa yake yi. Labarin zuciya dai a tambayi fuska. Abin da ya fi aiki shi ne sauya fassarar lamarin tun kafin rai ya ɓaci. Ma'aikacin da ya miƙe a taro ya yi tambaya mai zafi, ana iya fassara shi da mai neman cin fuska, ana kuma iya fassara shi da wanda ya faɗi abin da mutum talatin ke tunani suka kasa faɗa. Ta biyun ta fi kusa da gaskiya a yawancin lokuta, kuma ita ke barin murya a kwance. Tun kafin taro ake shirya wannan: a rubuta tambayoyi uku mafi zafi da ake tsammani da amsar kowace, a kuma tsayar da abin da za a yi idan an ji zuciya ta fara hawa, misali a maimaita tambayar a bayyane kafin a amsa, wanda ke ba mutum 'yan daƙiƙoƙin nutsuwa. Kada kuma a shiga irin wannan taro da bashin barci. Wani bincike na 2007 daga ɗakin gwajin Matthew Walker ya samu cewa bayan dare ɗaya ba barci, amigdala, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke ankarar da jiki game da haɗari, tana zabura fiye da ƙa'ida da kusan kashi 60 cikin 100.

Inda basirar ta fi nuna kanta shi ne wajen rarrabewa. “Ransu ya ɓaci” magana ce mai faɗi da ba ta gaya wa kowa abin yi. A ƙarƙashinta akwai aƙalla abu huɗu, kuma abin da ke kwantar da ɗaya yana iya tunzura ɗaya. Tsoro yana da yawan tambaya, yana dawo da tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban. Bayani da rana yake buƙata. Kunyar gazawa shiru take yi, ko ta koma kushe sabon tsarin. Wurin koyo take buƙata inda ba idon jama'a, kuma ƙarin jawabi kan alfanun tsarin ba ya taɓa ta. Baƙin cikin rabuwa yana yawan ambaton da. Abin da yake nema shi ne a yarda cewa tsohon tsarin ya yi aiki a zamaninsa. Shi ya sa kushe abin da ya gabata don a tallata sabo babban kuskure ne, tunda waɗanda suka gina shi suna zaune a ɗakin. Fushin rashin adalci kuwa kwatance yake yi, don me mu ban da su. Ba ya sauka sai an nuna ƙa'idar da aka bi wajen zaɓe da hanyar ɗaukaka ƙara. Mai wannan fushin idan aka lallashe shi ƙara hawa yake yi, domin yana jin an mayar da ƙorafinsa matsalar halinsa. Shi ma shugaban yana amfana idan ya yi wa kansa wannan rarrabewar. Matthew Lieberman da abokan aikinsa sun nuna a 2007, ta hoton ƙwaƙwalwa, cewa ambatar sunan motsin zuciyar da aka gani a fuska yana rage zaburar amigdala.

A nan ya kamata a yi hattara da zanen nan da ake yawan nunawa a tarukan horo, mai cewa kowa zai bi matakai biyar, daga musantawa zuwa fushi har zuwa rungumar ƙaddara. Elisabeth Kübler-Ross ta fitar da matakan ne a 1969 daga hira da majinyatan da ke dab da mutuwa, kuma bincike bai tabbatar da cewa mutane na bin su a jere ba. Illarsa a ofis ita ce yana ba shugaba hujjar daina sauraro: duk wanda ya kawo ƙorafi sai a ce a matakin fushi yake, zai wuce. Haka ma maganar da ake yawan yi cewa kashi 70 cikin 100 na sauye-sauye ba sa nasara. Mark Hughes ya bi diddiginta a 2011 bai samu ingantacciyar hujja a bayanta ba.

Idan tsoro ya toshe hanyar labari

Timo Vuori da Quy Huy sun yi hira 76 da manyan shugabannin Nokia da matsakaita da injiniyoyi da wasu masana na waje, suka wallafa sakamakon a 2016, don gano yadda kamfanin na Finlan ya rasa kasuwar waya bayan fitowar iPhone a 2007. Tsoro iri biyu suka tarar. Manyan suna tsoron abokan hamayya da masu hannun jari, don haka suka matsa wa na ƙasa lamba, wasu har da tsawa. Matsakaitan kuma manyan suke tsoro, don haka suka riƙa kai rahoto mai daɗin ji, suna amsa wa'adin da suka san ba zai yiwu ba, alhali sun san matsalolin Symbian, manhajar da wayoyin Nokia ke aiki da ita a lokacin. Ilimin yana cikin kamfanin, hanyar hawansa sama ce ta toshe. A 2013 aka sanar da sayar da sashen wayar ga Microsoft.

Amy Edmondson ta Harvard ta ci karo da ɗaya fuskar lamarin a sassan asibitoci a shekarun 1990: sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci su suka fi yawan kura-kuran ba da magani a rubuce, saboda a can ne ma'aikatan jinya ke da ƙarfin halin faɗa. Don haka idan aka yi wata guda da fara sabon tsari kuma duk rahotanni na cewa lafiya lau, rahotannin ne abin bincike. Mutumin farko da ya kawo mummunan labari, kowa na zura ido ya ga abin da zai same shi. Idan aka fara da tambayar wa ya jawo, ba za a samu na biyu ba. A tambaye shi me ya gani, tun yaushe, me yake buƙata, sannan cikin mako a sanar da abin da aka gyara sakamakon maganarsa. Babba kuma ya zama na ƙarshen faɗin ra'ayi a taro, domin da zarar ya faɗa, sauran maimaitawa ce. Shugabannin tsakiya su suka fi shan wahala a nan, ana tura su daga sama ana kuka musu daga ƙasa. Sauraron mutane lokaci yake ci, don haka a sauke musu wani aikin a hukumance, in ba haka ba sauraron ne zai fara faɗuwa.

Duk wannan yana aiki ga mutum ɗaya da ke fuskantar nasa sauyin, na sana'a ne ko ƙarin girma ko ritaya ko barin wata ɗabi'a. Wanda ya yi niyya da gaske amma ya kasa, galibi akwai wani abu da yake karewa bai sani ba. Robert Kegan da Lisa Lahey na Harvard sun tsara hanyar tono shi a rubuce, a gida huɗu: abin da nake so in cimma, abubuwan da nake yi da ke hana shi, abin da nake tsoron zai faru in na daina yin su, da zaton da tsoron ya ginu a kai. Sabon shugaban sashe da ke son sakar wa na ƙasa aiki, amma kullum sai ya sake bin abin da suka yi layi-layi, idan ya cike gida na uku yana iya tarar da cewa tsoronsa kada a ce ba shi da amfani in ba hannunsa ya yi aikin ba. Nasiha ba ta kawar da irin wannan zato; gwada shi ake yi da ƙaramin abu maras haɗari. Ya bar rahoto ɗaya maras nauyi ya wuce ba tare da ya duba ba, ya rubuta abin da ya zata zai faru, ya kwatanta da abin da ya faru. Niyyar kuma a ɗaure ta da wani lokaci ko wuri takamaimai, “idan rahoto ya iso, jimillar kawai zan duba,” wanda Peter Gollwitzer ya nuna ya fi niyyar da ba a ɗaure ba yiwuwar cika. A kuma ba abin lokaci. Binciken Phillippa Lally na 2010 ya samu cewa sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba.

Ana iya cutarwa da wannan basira, kuma ana yi. Stéphane Côté da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto sun samu a 2011 cewa mutumin da ke da halin amfani da jama'a don biyan buƙatarsa, idan ya ƙware wajen sarrafa motsin zuciya, ya fi cutar da abokan aikinsa. A harkar sauyi siffar da wannan ya fi ɗauka ita ce shawarar bogi: a tara mutane a ce ana neman ra'ayinsu kan abin da aka riga aka sa wa hannu. Suna ganewa, kuma daga ranar ko tambayar gaskiya aka yi musu ba za su amsa ba. Idan an yanke a ce an yanke, a nemi ra'ayi kan abin da ya rage a buɗe, kamar wane sashe ne zai fara da kuma lokutan horo. Idan kuma jadawalin asara ya nuna rukuni ɗaya ne zai ɗauki yawancin nauyin, tsarin ne ke buƙatar gyara, daɗin baki ba zai ɗauke musu nauyin ba.

Bayan an fara, aiki zai ragu a makonnin farko, domin mai koyon sabon tsari ba zai yi saurin da ba. Idan aka bar ma'aunin aikin yadda yake, mutane za su koma tsohon tsari a ɓoye don su cika adadi, a wayi gari ana riƙe da lissafi biyu, na manhaja da na aljihun tebur. A sauke ma'aunin a hukumance na wani ƙayyadadden lokaci, a faɗi ranar da zai koma. Alamun da za a sa wa ido su ne irin wannan lissafi biyu, da ƙaruwar hutun rashin lafiya, da shirun tsofaffin hannu waɗanda a da ba a raba su da magana a taro. Ƙwararrun da ke da inda za su je ba sa yawan ƙorafi, takardar ajiye aiki kawai ake gani bayan wasu watanni. Don haka a sake zagayen ganawar mutum biyu a mako na shida, a sake a wata na uku, kuma a fara da waɗanda ba su ce komai ba a zagayen farko.